Kwana 72 da Talakawa Suka Riƙe Birnin Paris

Abin da ya fara ruɗa ni a Paris shi ne lokaci. Na sauka a ƙarshen watan Mayu, lokacin da magariba ba ta yi sai wajen ƙarfe goma saura na dare, asuba kuma ta riske ka tun ba ka yi juyi biyu a gado ba. A daren farko barci ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe uku da rabi na leƙa ta taga, titi shiru, ko kare babu. Haske ɗaya tak na gani, a gidan burodin da ke kallon masaukinmu. Wani mutum ne a ciki shi kaɗai, sanye da farar riga, yana jera curin ƙullu a kan faranti yana turawa cikin tanda.

Da gari ya waye na ba mai masaukina labari. Dattijo ne ɗan Damagaram, ya fi shekara talatin a Faransa, mai son tarihi kamar me. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ka ga mutumin nan? An taɓa yin gwamnati a garin nan da ta ce masa ya je ya kwanta."

Na ce, "Alhaji, wace irin gwamnati ce wannan?"

Ya ce, "Komin. Shanye shayinka, ka sa takalmin da ba zai ci maka ƙafa ba. Yau da ƙafa za mu karanta ta."

Mutanen Nijar sun san kalmar komin, ita ce ƙaramar hukuma a wurinsu. Amma a Paris idan aka ce Komin aka yi shiru, ana nufin kwana 72 ne na shekarar 1871, daga 18 ga Maris zuwa 28 ga Mayu, lokacin da leburori da masu sana'ar hannu suka karɓe babban birnin ƙasar suka mulki kansu.

Muka bi ta Château Rouge, unguwar da za ka rantse a Afirka ta Yamma kake: ga kuɓewa, ga manja, ga busasshen kifi, ga atamfa, ga mata suna ciniki da Bambaranci. Daga nan hanya ta fara hawa. Tudun Montmartre shi ne mafi tsawo a birnin, mita 130, kuma matakala guda da muka bi tana da taki 222. Alhaji ya ƙi yarda mu shiga ƙaramin jirgin da ke jan mutane sama, wai labarin ya fi shiga in ana haki.

A kan matakalar ya faro mini daga tushe. A watan Yuli na 1870 Sarki Napoleon na Uku ya shiga yaƙi da Jamusawa, waɗanda Bismarck ke jagoranta. Kafin wata biyu, ranar 2 ga Satumba, aka kama shi da rundunarsa a Sedan. Sarauta ta faɗi, aka kafa jamhuriya, amma Jamusawa ba su tsaya ba. Suka yi wa Paris zobe daga 19 ga Satumba har zuwa ƙarshen Janairu, mutum kusan miliyan biyu a rufe cikin hunturu mai tsanani. Aka cinye dawakai, aka koma kan kyanwa da kare da ɓera. Har giwaye biyu na gidan namun daji aka yanka, sai dai namansu teburin masu kuɗi ya tafi. Wasiƙa ba ta fita sai a cikin balan-balan, amsa ba ta dawowa sai a jikin tantabara. Daga gindin wannan tudun ma minista Gambetta ya tashi a balan-balan ya tsallake kan abokan gaba.

Talakawan da suka sha wannan wuya sun shiga rundunar sa-kai ta unguwanni, ana ba kowa faran ɗaya da rabi a rana, da shi yake ci da iyalinsa. Sun yi karo-karo an ƙera igwogi don kare gari. Sai ga shi gwamnati ta miƙa wuya, ta yarda ta biya Jamus faran biliyan biyar, ta sallama Alsace da wani yanki na Lorraine. Sabuwar majalisar ƙasa, wadda masu son dawo da sarauta suka fi yawa a cikinta, ta ƙi zama a Paris, ta zaɓi Versailles. Ta kuma buɗe wa masu bin bashi ƙofa, alhali mutane sun yi watanni babu aiki. Tura ta kai bango.

Muna isa saman tudun na tsaya ina mayar da numfashi. Paris gaba ɗaya ta shimfiɗe a ƙasa, rufin gidaje launin toka har iyakar ganin ido. Alhaji ya nuna ƙasa da sandar lemarsa ya ce a nan aka jera igwogin. Kafin asubar 18 ga Maris, shugaban gwamnati Adolphe Thiers ya turo soja su kwashe su a ɓoye. Sojan sun hau tudu lafiya, amma dawakan da za su ja igwogin suka makara. Kafin su iso gari ya waye, matan unguwa sun fito sayen madara da burodi. Suka kewaye sojan, suna yi musu magana kamar 'ya'yansu, suna ba su abin sha. Cikin taron akwai wata malamar makaranta mai suna Louise Michel. Janar Lecomte ya ba da umarni a buɗe wuta. Sojan suka juya bindigoginsu, gindi sama, baki ƙasa. Kafin yamma an harbe Lecomte da wani janar, Clément-Thomas, a nan tudun, Thiers kuma ya kwashi gwamnatinsa ya gudu Versailles.

A yau wata ƙatuwar farar coci ce ke zaune a kan tudun, Sacré-Cœur, mai ƙubbobi kamar an juyo su daga gabas. Dutsen da aka gina ta da shi yana ƙara fari ne duk sa'ad da ruwan sama ya dake shi. Majalisar da ta murƙushe Komin ita ce ta amince da ginin a 1873, aka aza harsashi a 1875, ba a gama ba sai 1914. Har gobe akwai mutanen Paris da ba sa taka cikinta, suna ganin an ɗora ta ne a kan tudun don a danne abin da ya faru a wurin. Amma lambun da ke gangarowa daga ƙafarta, wanda dubban baƙi ke zama a cikinsa suna ɗaukar hoto, sunan Louise Michel yake ɗauke da shi. Na tambayi Alhaji yadda aka yi haka. Ya ce, "Haka Faransawa suke. Ba sa gama faɗa, sai dai su gina shi da dutse."

Muka gangaro muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Hôtel de Ville, fadar magajin gari, a bakin kogin Seine. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin nan shi ne abin da 'yan sa-kan suka yi da mulkin da ya faɗo hannunsu. Ga bindiga, ga gari, babu mai hana su. Maimakon su naɗa kansu, sai suka kira zaɓe cikin kwana takwas. Ranar 26 ga Maris mutum kusan dubu 230 suka jefa ƙuri'a don cike kujeru 92, ranar 28 aka ƙaddamar da majalisar a wannan dandali, ƙarƙashin jar tuta. Cikin zaɓaɓɓun akwai Eugène Varlin mai ɗaure littattafai, akwai kafinta da maƙeri, akwai likitoci da 'yan jarida, akwai mai zane Gustave Courbet da ya shigo daga baya. Har baƙo aka zaɓa, Léo Frankel ɗan Hungary, maƙerin zinariya, aka damƙa masa sha'anin ƙwadago.

Muka zauna a kan wani benci, Alhaji yana lissafa mini dokokinsu da yatsu. Na yi zaton zan ji manyan maganganu, sai na ji abubuwan da duk mai haya a ɗaki ɗaya zai gane. An yafe kuɗin hayar da ya taru tun daga Oktoba. An hana mai masana'anta cire tara daga albashin ma'aikaci. Masana'antar da mai ita ya gudu ya bari, an ce a ƙidaya ta a miƙa wa ƙungiyar ma'aikatanta. Matar wanda ya mutu a fagen daga tana da fansho, ita da 'ya'yanta. Babu jami'in da zai karɓi fiye da faran dubu shida a shekara, ɗan majalisa kuwa faran 15 a rana. Wanda aka zaɓa, idan ya saɓa, waɗanda suka zaɓe shi suna da ikon sauke shi ba sai wa'adi ya cika ba. An raba coci da hukuma, aka sa karatun yara ya zama kyauta. Mutanen wata unguwa ma suka jawo injin fille kai suka cinna masa wuta a bainar jama'a.

Biyu daga cikin dokokin suka tsaya mini a rai. Ta farko ta gidan jingina ce. A lokacin yunwar, tela ya kai almakashinsa jingina, kafinta ya kai zartonsa, uwa ta kai katifa da bargo. Mutum ya jinginar da abin da yake neman abinci da shi, to da me zai fanshe shi? A farkon Mayu Komin ta ce duk tufafi da kayan kwanciya da kayan sana'a da aka jinginar a kan abin da bai wuce faran 20 ba, mai shi ya zo ya karɓa kyauta. Ta biyu ita ce ta mutumin da na gani da dare. Ma'aikatan gidajen burodi suka kai kuka cewa ba sa ganin rana, ba sa ganin 'ya'yansu, don kawai a sami burodi mai zafi da sassafe. Ranar 20 ga Afrilu aka hana aikin dare a gidan burodi. Garin da ake yi wa ruwan harsashin igwa, majalisarsa ta zauna tana muhawara a kan barcin mai tuya burodi.

Na ce, "Alhaji, ashe dai mutanen kirki ne."

Ya girgiza kai. "Kada ka yi saurin wanke su, Malam. Mutane ne."

Ya lissafa mini nasu laifin. Matan da suka tsaya gaban bindiga a kan tudu, suka kafa ƙungiyarsu ƙarƙashin Nathalie Lemel da Élisabeth Dmitrieff, suka yi jinya, suka ɗinka buhunan shinge, ba a ba ko ɗayarsu ƙuri'a ba. Majalisar ta rufe jaridun da ke sukarta. Ta kama mutane ta tsare a matsayin garkuwa. Ta ɓata makonni tana gardama, har ta dare gida biyu a watan Mayu a kan ko a miƙa iko ga wani ƙaramin kwamiti. Ba ta bi Thiers zuwa Versailles ba lokacin da ba shi da ƙarfi. Babban Bankin Faransa yana cikin garin da suke riƙe da shi, maƙil da dukiya, amma suka tsaya suna karɓar kaɗan kaɗan cikin ladabi, bankin kuwa yana ciyar da rundunar da ke shirin yanka su. Bismarck ma ya saki fursunonin yaƙi na Faransa don su ƙara wa Thiers yawa.

Da rana muka ratsa dandalin Vendôme, inda shagunan lu'ulu'u da agogo suka yi da'ira, masu gadi sanye da baƙaƙen kwat a kowace ƙofa. A tsakiya akwai wani dogon ginshiƙi na tagulla, mita 44, da mutum-mutumin Napoleon na Farko a ƙolinsa. Komin ta ce alama ce ta taƙama da yaƙi da cin ƙasashen mutane. Ranar 16 ga Mayu aka ɗaura masa igiyoyi aka jawo shi, ya faɗi a kan shimfiɗar ƙirare da taki. Da aka ci Komin sai aka ɗora wa Courbet laifin, kotu ta ce ya biya faran dubu 323 na sake ginawa, dubu goma kowace shekara. Shi kuwa ya riga ya gudu Suwizalan, a can ya mutu ranar 31 ga Disamba 1877, ana gobe zai biya kashin farko.

Washegari Asabar muka tafi Père Lachaise. Maƙabarta ce, amma ban taɓa ganin irinta ba. Gari ce guda mai faɗin hekta 44, da tituna masu suna, da itatuwa, da ƙananan ɗakunan dutse masu ƙofa da taga a kan kaburbura. A bakin ƙofa akwai taswira don kada baƙo ya ɓace. Ni da na saba da kabarin ƙasa da ba ya wuce taki ɗaya a tsawo, sai na riƙa tafiya a takure. Muka wuce wani gini mai tsawo kamar gidan sama, na ɗauka coci ce. Alhaji ya ce kabarin Thiers ne.

Sojan Versailles sun shigo birnin ranar Lahadi 21 ga Mayu ta wata ƙofar yamma da aka bari babu tsaro. Kwana bakwai ana gwabzawa titi bayan titi, abin da Faransawa ke kira Makon Jini. Manyan titunan da aka fasa a zamanin sarki, masu faɗi da miƙewa, sun yi wa igwa daɗi, shingen duwatsu bai iya tare su ba. Duk wanda aka kama da baƙin albarushi a hannu sai a jingina shi da bango. 'Yan Komin su ma suka cinna wa fadar Tuileries da Hôtel de Ville wuta, suka harbe babban limamin cocin Paris, Georges Darboy, suka kashe wasu garkuwa kimanin hamsin a titin Haxo. An kashe Varlin a kan tudun da aka faro abin. Masana tarihi har yau suna jayayya a kan yawan waɗanda soja suka kashe: masu ragewa suna cewa dubu shida zuwa bakwai, masu yawaitawa suna kai shi dubu ashirin. An kama fiye da mutum dubu 40.

Faɗan ƙarshe ya shigo har cikin maƙabartar nan, ana fakewa a bayan kaburbura. Ranar 28 ga Mayu aka jera mutum 147 a jikin katangar kusurwar gabas, aka harbe su, aka tura su cikin rami ɗaya a gindinta. Da muka isa na yi tsammanin wani gagarumin gini. Katanga ce kawai, irin ta bayan gida, ganye ya hau kanta, da farantin dutse mai cewa na matattun Komin ne, 21 zuwa 28 ga Mayu 1871. Amma wurin cike yake. Tun 1880 ake yin wannan tattaki a ƙarshen kowane Mayu. Tsofaffi da sanduna, ɗalibai, 'yan ƙungiyoyin ƙwadago da jajayen tutoci, kowa ya ajiye jan fure a gindin katanga, suka rera waƙoƙinsu a hankali. Wata tsohuwa ta ga baƙo ne ni, ta miƙo mini fure ɗaya, ta nuna mini inda zan ajiye. Na karɓa na ajiye. A iya zamana a wurin, ban ga kowa ya tsaya a ƙofar kabarin Thiers ba.

A hanyar fita Alhaji ya ba ni ragowar labarin, wanda ya ce littattafan makaranta ba su cika faɗa ba. An kwashe 'yan Komin fiye da dubu huɗu zuwa tsibirin New Caledonia, can ƙarshen duniya a tekun Fasifik. A can suka gamu da wasu fursunonin, Musulmin Aljeriya, waɗanda suka yi tawaye ƙarƙashin Mukrani a tsakiyar wannan watan Maris ɗin na 1871, kusan rana ɗaya da mutanen Paris. Gwamnati ɗaya ta murƙushe su, tsibiri ɗaya ya haɗa su. Da 'yan asalin tsibirin, Kanak, suka tashi a 1878, da yawa cikin 'yan Komin sun goyi bayan Faransa. Louise Michel tana cikin ƙalilan da suka tsaya tare da Kanak. An yi wa 'yan Komin afuwa a 1880 suka koma gida, yawancin 'yan Aljeriya kuwa aka bar su can, jikokinsu na nan har yau. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Jamhuriyar da ta yi wannan aiki a jikin katangar nan, ita ce bayan shekara 28 ta turo mana Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni. A gida ta fara gwada hannunta."

Da yamma muka komo ta unguwarmu, ya tsayar da ni gaban cocin Saint-Bernard. A kwanakin Komin an mayar da ita zauren taro, talakawa suna hawa mumbari suna faɗin ra'ayinsu, Louise Michel ma ta sha yin magana a ciki. A 1996 kuma 'yan Afirka kimanin 300 marasa takardun zama, yawancinsu daga Mali da Sanagal, suka fake a cikinta, har ranar 23 ga Agusta 'yan sanda suka sare ƙofar da gatari suka fitar da su. Alhaji ya ce yana cikin taron da ya tsaya a waje ranar. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Daren da zan bar garin na sake farkawa kafin asuba. Hasken gidan burodin yana nan a kunne. Dokar 20 ga Afrilu ba ta yi kwana arba'in ba aka binne ta tare da masu ita. Bayan na yi salla na sauka, na tsaya a bakin titi har aka ɗaga ƙofar shagon. Mutumin ya fito ta ƙofar gefe, saurayi ne ashe, gari ya yi masa fari a gira, idanunsa jajur. Na yi masa sallama, ya amsa da cikakkiyar sallama, ya ɗaga wuyan rigarsa ya nufi tashar jirgi, zai je ya kwanta a lokacin da garin ke tashi. Na shiga na sayi burodi dogo guda ɗaya. Da zafinsa, har yana ƙona mini tafin hannu, na hau da shi sama muka karya da Alhaji.